Radi Ƙal

Ga ta nan, ga ta nanku, sai a gyara zama.

Ta zo mu ji ta, Iya, mun gyara.

To. Labarin Yalwa zan ba ku, matar marigayi Alhasan, wadda danga ɗaya ce ta raba gidanta da namu a ƙauyenmu na yamma da Hasahisa, can kudu da Khartum. Abin ya faru shekara biyu kafin Turawa su tattara nasu su tafi, kuma har yau ban manta ranar da ta tsaya a bakin gonar nan ba.

A wancan lokaci hawasha, wato gonar da ake ba mutum a gandun auduga, ba taka ba ce ko da ka tsufa a cikinta. Sunanka ne kawai ke littafin ofis. Su ke ce maka ga inda za ka sa auduga, ga inda za ka sa dawa, ga ranar da za a buɗe maka ruwa. Akwai kuma bur, filin da aka ce a bar shi ya huta, ko tsinke ba a yarda ka kafa a ciki ba. Wanda ya taɓa bur, mufattishi, Baturen da ke duba gonaki, yana iya zare sunansa daga littafi ya rubuta na wani. Masu jiran a rubuta su kuwa sun fi masu hawashar yawa, balle mu da ake ce wa baƙi ko da nan aka yanke mana cibiya.

Da Alhasan ya rasu, kowa ya ɗauka hawashar za ta koma hannun ƙanensa Mato, don 'ya'yan Yalwa biyu ne, mata, duk suna gidan miji. Yalwa ta yafa mayafinta ta taka har ofis, ta ce shekara ashirin da biyu tana duƙe a gonar nan, ta san inda ruwa ke kwanciya da inda yake gudu, a rubuta ta. Aka rubuta ta. Ba ta da saniya, ba ta da ɗa namiji. Hawashar nan ita ce abincinta, ita ce kuma dalilin da ya sa in maza sun zauna maganar ruwa ake aika mata.

Mato bai riƙe ta a rai ba. Da ma yana da tasa, kuma shi ne samad ɗinmu, mai kai maganar manoma ofis ya dawo da ta mufattishi. Mutum ne mai son a ce ya iya. Larabci na bakinsa kamar na kowa, Turanci kuwa kalmominsa ba su cika tafin hannu ba, amma in ka ji shi a gindin darbejiya yana bayani sai ka rantse a Landan aka yaye shi. Tsakaninsa da Yalwa wasa ne irin na ƙanen miji da matar wa, ba sa haɗuwa su rabu ba a yi tsiya ba.

Yalwa na da wata gyaɗa. Uwarta ce ta ƙullo ta a bakin zane tun daga ƙasar Sakkwato, lokacin da suka taso a ƙafa za su Makka, tafiya ta tsaya musu a nan. 'Yar tsaye ce, mai jan ɓawo, kwana casa'in ta nuna. Shekara da shekaru a bayan ɗaki Yalwa ke shuka ta, wuri bai fi tabarma biyu ba, don dai kada irin ya mutu. Da ta aurar da ɗiyarta Sharifa a Dindir ta ba ta ƙwarya guda, can kuwa ƙasar tudu ce ba mai hanawa, gyaɗa ta yi ta yi. A shekarar da nake ba ku labari Sharifa ta aiko wa uwarta buhu shida na gyaɗar a mota, don ta yi mai da ƙuli. Yalwa ta dubi buhunan, ta dubi bur ɗinta. Da ruwan farko ya sauka sai ta ɗauki kwasarta ta shuka faddan guda, wato kamar eka ɗaya.

Sai da ta yi kwana ashirin, ta fito layi-layi, Mato ya gani.

"Matar Yaya, mi nika gani a bur ɗinki?"

"Ido ya fara mutuwa ne, Samad? Gyaɗa ce."

"Na san gyaɗa ce. Wa ya ba ki izini?"

"Wanda ya aiko da ruwan."

"Allah ya aiko da ruwa, amma littafi na hannun Mai Lofe."

"Dubi ƙasar nan, Mato. Wai hutawa take. Ka taɓa ganin mai hutawa ya tsage har ƙafar jaki ta faɗa ciki? Inda uwata ta cire gyaɗa, in ta sa dawa, ganyen har baƙi yake yi. Gyaɗa ba ta cin ƙasa, ciyar da ita take."

"Za a zare sunanki, wallahi, ni kuma ki ja mini."

"Da ka aure ni da wanka ya rasu, da yanzu kai ke duƙe kana shukar."

"Allah ya kiyashe ni. Yaya ma haƙuri ya yi da ke."

Mai Lofe shi ne mufattishinmu. Lofen taba ba ya barin bakinsa, ko da wuta ko babu, sunansa na gaskiya kuwa ba wanda harshensa ya iya juyawa. Ba mugu ba ne. Yana Larabci irin na Turawa, a miƙe kamar sanda, kuma kukunsa Bahaushe ne, saboda haka yakan jefo "sannu" ko "maza-maza" ko "da kyau" a tsakiyar magana don ya burge mu.

Ranar Talata da hantsi ya zo a kan doki, Mato na biye da shi a ƙasa. Muna cirar ciyawa a dawarmu, nan kusa, duk muka miƙe. Ya ja linzami a bakin bur ɗin Yalwa, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce da Larabci wannan mamnu'u ne, an hana.

Yalwa ta ajiye kwasa ta zo. Ba ta durƙusa ba, ba ta kuma ɗaga murya ba. Ta ce ruwan sama ta yi amfani da shi, ba ta taɓa na tur'a, wato rafin gandu, ba. Ta ce da kuɓewa ce ko rama ta san dangin auduga ne, suna ɗaukar cutarta, da ba ta sa ba, amma gyaɗa ba ta haɗa komai da auduga ba. Ya ce doka doka ce, in kowa ya shuka abin da ya ga dama gandu ya lalace.

Sai ta tambaye shi, "Wanda ya kafa dokar, ya taɓa shuka gyaɗa a nan ya ga ta yi ɓarna?"

Ya ciji lofensa.

Ta ce, "In bai taɓa ba, to ba sani ya yi ba. Tsoro ya ji."

Ba mu taɓa jin an gaya wa Bature haka ba, balle mace. Mai Lofe ya sauko daga doki, ya tsuguna ya juya ganye ɗaya, ya miƙe. Ya yi wata 'yar dariya ta hanci, ya girgiza kai, ya ce, "Radikal." Ya zaro ƙaramin littafi daga aljihu ya yi rubutu, ya sake faɗa, a hankali wannan karon, "Radikal." Hadari ya riga ya haɗo daga gabas, sai ya hau dokinsa ya tafi.

Doki bai yi nisa ba Mato ya juyo, fuskarsa kamar an yi masa haihuwa.

"Kun ji da kunnenku? Radi ƙal."

Radi da Larabci, kun sani, shi ne wanda ya yarda. Ƙal kuwa tamu ce, kamar a ce riga ta wanku ƙal. Mutumin da ya saba cusa Hausa cikin Larabci, mene ne abin mamaki in ya haɗa su ya ce ya yarda ƙal, babu sauran datti a zuciyarsa? Wallahi ni ma haka na ji.

Jibril, maƙwabcin Yalwa a gona, mai 'ya'ya tara, shi ne ya ɗan yi tantama. "To mi ya sa ya girgiza kai?"

"Haka Turawa ke yarda," in ji Mato. "Kai ka taɓa zama da su?"

"Mi ya rubuta?"

"Izini mana. Ka zaci wasiƙa yake wa uwarka?"

Yalwa ta ɗauki kwasarta. "Ni dai na ga ya ciji lofen nan har haƙori ya yi ƙara. Ban taɓa ganin wanda ya yarda ya ciji abu ba."

"Ke da Larabcinki na kasuwa," in ji Mato. Aka yi dariya, ba wanda ya sake bi ta kanta.

Washegari da sassafe Jibril ya yi sallama a ƙofarta da ƙwarya a hannu. Kafin azahar masu roƙo sun cika mutum bakwai, har da mijina. Ta gaya wa kowannensu magana ɗaya, cewa ita ba ta ji yarda ba, wanda zai shuka ya shuka da saninsa. Suka ce samad ya fi ta jin Bature. Ta ce to, uwarta ba ta taɓa mayar da mai roƙon iri hannu wofi ba, ta kwance buhuna. Man da za ta yi a shekarar nan ke nan ya tafi cikin ƙasa.

Kwana uku bayan haka zazzaɓi ya kwantar da Mai Lofe, aka wuce da shi Khartum. Wanda aka bar wa aikin, motarsa ta kafe a laka tun zuwan farko, sai da shanu huɗu suka ja ta, bai sake gwada hanyarmu ba duk damina.

Kalmar kuwa ta shiga gari. In an ba mutum shayi aka ce sukari ya ji, sai ya ce radi ƙal. Mata na ciniki da ita. Da aka zo ɗaurin auren ɗiyar Jibril, liman ya tambaye shi ko ya bayar, da ita ya amsa, aka shafa fatiha.

Ita kuma gyaɗa ta yi abin da ban taɓa gani ba. Bur ɗin nan da muka saba gani baƙi, a tsattsage, sai ƙaya da ƙadangaru, ya rufe ruf da kore. Da ta yi fure, in ka fito da safe sai ka ga kamar an watsa ɗanyen zinari a ƙarƙashin ganye, tun daga bakin tur'a har inda ido ya tsaya. Tsofaffin da aka haifa a ƙasar Hausa suka riƙa dogara sanda suna zuwa, su zauna a kan gefen rafi suna kallo. Wata tsohuwa ta ce min rabonta da wannan ƙamshin tun tana goye a bayan uwarta. Mutanen ƙauyukan kusa, masu wucewa kan jakuna, sukan tsaya su yi ta kallo, su ce waɗannan mutanen ko dai sun haukace ko sun san wani a sama.

Wata biyu da 'yan kwanaki aka yi haka. Ranar wata Litinin da la'asar sai ga Abdulmuttalib yana turo kekensa, laka har gwiwa. Ɗan tsohon limaminmu ne, ya yi makaranta a Madani, ya zama magatakarda a ofishin gandu. Hausarsa ta ɗan yi ɗingishi, sai ya riƙa tallafa mata da Larabci. Aka shimfiɗa masa tabarma a gindin darbejiya, aka kawo shayi. Mato ya ce, "Ya ji sukari, ko? Radi ƙal?"

Abdulmuttalib ya ajiye kofin. "Baba Mato, a ina kuka samo wannan kalma?"

Aka ba shi labari, kowa na ƙara nasa. Yana ji yana kallon koren da ke bayan gari, fuskarsa na canzawa. Ya ce a kira Inna Yalwa. Da ta zo ta zauna a gefe, sai ya ce Mai Lofe ya warke ya dawo, labarin gyaɗa ya riga ya kai ofis, ranar Alhamis zai zo da kansa. Ya ce ya ga littafin da idonsa. Ba izini ba ne a ciki. Sunan Yalwa ne, da kalma ɗaya ta Turanci a gefensa.

Duk aka juya aka kalli Mato.

"Turanci?" in ji Mato, da wata ƙaramar murya.

Abdulmuttalib ya zaro ƙamus daga jakarsa, amma bai ma buɗe ba. Ya ce Turawa na da kalmomi da yawa na kiran mutumin da ba ya bin layi, kowace da nauyinta. Wanda ya ɗauki makami a kan hukuma, rebul suke ce masa. Wanda abu ɗaya ya cika wa kai har ba ya jin kowa, fanatik. Akwai ma wata, eksantirik, ta tsohon da ke sa riga a baibai ce, dariya ake masa a wuce.

"Da ma ita ya rubuta," in ji Jibril. "To tamu fa?"

"Radikal. Asalinta daga saiwa ne. Mutumin da ba faci yake so a yi wa abu ba, so yake a tumɓuke shi tun daga saiwa a sake sabo. A Madani da ita ake kiran masu tara ma'aikata su ƙi aiki."

Can Jibril ya ce, kamar yana magana da kansa, "Da wagga kalma na aurar da ɗiyata."

Ba wanda ya yi dariya sai Yalwa, ita ma kaɗan. Ta ce, "Ɗana, sake faɗi. Daga ina?"

"Daga saiwa, Inna."

"To bai yi mini ƙarya ba."

Abdulmuttalib ya matso kusa da ita ya rage murya, amma duk mun ji. Ya ce akwai mafita. Kowa ya faɗi gaskiya, cewa kunne ne ya yi kuskure, a cire gyaɗar, magana ta mutu. "Ke ma, Inna, ki ce haka kika ji. Kalma ɗaya ce. Hawasharki ta tsira."

Ta ce ta ji, Allah ya yi masa albarka, ya gaida uwarsa. Ta tashi ta tafi.

Ranar Alhamis tun rana ba ta yi zafi ba duk ƙauyen na bakin bur. Mai Lofe ya iso, ya rame, wuyan rigarsa na lilo. Abdulmuttalib na gefensa don kada a sake samun matsalar kunne. Baturen ya sauka daga doki ya tsaya yana duban filin, ya daɗe ƙwarai, lofen ma ya mutu a bakinsa bai sani ba. Sannan ya yi magana da Turanci, Abdulmuttalib na juyawa.

Ya ce an gaya masa yadda aka ji maganarsa, kuma ya yarda kuskure ne. Ya ce manyansa za su zo zagaye, ba za su iske gyaɗa a bur ba tare da bayani ba. A cire ta duka cikin kwana uku, ya rubuta cewa rashin fahimta ne, ba sunan wanda za a taɓa.

Mutane suka saki numfashi. Mato har ya fara godiya.

Yalwa ta ratsa ta shiga gonarta. Ta kama tushe ɗaya ta tuge, ta kakkaɓe, ta kawo ta ajiye a gaban Mai Lofe. Gyaɗa ce cike, ta ɓare ɗaya, ƙwaya ja jawur. Ta wuce ta shiga ta Jibril, ta tuge wani tushen, ta kawo ta ajiye kusa da na farko. Ta matse kwanso ɗaya da yatsa, ruwa ya fito, fari kamar madara.

Ta ce, "Ɗana, gaya masa. Tawa ta nuna. In ya ce a cire yau, girbi ya sa ni, ban yi hasarar komai ba. Ta mutum bakwai ɗin nan kwana ashirin ya rage mata. In an cire ta yau, abincin awaki ce."

Mai Lofe ya ce ya gani, kuma bai ji daɗi ba, amma ba shi da abin da zai rubuta wa manyansa in fili na nan kore.

Yalwa ta ce, "In akwai wanda ya shuka da sani fa? Wanda ya ji an hana, ya gane, ya ci gaba, ya kuma raba iri?"

Abdulmuttalib ya tsaya. "Inna."

"Juya masa."

Ya juya. Mai Lofe ya cire lofen daga bakinsa. Ya ce in akwai irin wannan mutum, to magana ta tashi daga kan fili ta koma kansa. Za a zare sunansa daga littafi, ba makawa. Sauran kuwa, tun da an samu wanda aka hukunta, yana iya rubuta cewa an ba su lokaci su share.

"Kwana ashirin," in ji Yalwa.

Mato ya yi tsalle ya shiga tsakani. "Kunnena ne ya yi laifi, ranka ya daɗe. Ni na ce radi ƙal. A rubuta ni."

"Koma gefe, Samad. Kai da gaske haka ka ji, ba za ka rantse kan abin da ba ka yi ba. Ni ce ban ji ba, kuma a gabanka na faɗa."

"Matar Yaya, don Allah. Wurin nan fa Yaya ya bar miki."

"Ya bar mini, ban ce a'a ba."

Jibril ya zo ya durƙusa a gabanta, babban mutum da furfura. "Yalwa, gyaɗa ce fa kawai. Mu cire mu ba awakin. Mi za ki ci baɗi?"

Ta dube shi, ta dubi sauranmu. Ta ce, "Ku cire yau, ya rubuta kuskure ne, shi ke nan an rufe. Baɗi wa zai sake gwadawa? Jikokinku ma za a ce musu an taɓa sawa ba ta yi ba. Amma in ta nuna kuka cika buhu da hannunku, ko ina nan ko ba na nan, kun sani. Ba mai zare muku wannan daga littafi."

Mace ɗaya, da tsohon zane da laka a ƙafa, tana tsaye tana ba da abin da ta mallaka duka, muryarta kuwa kamar tana gaya maka farashin albasa.

Mai Lofe ya ce a tambaye ta ko ta gane abin da take yi. Ta ce ta gane. Ya ce a sake gaya mata cewa audugar da ta shuka bana ma ta wanda za a rubuta a madadinta ce. Ta ce ta sani, a dai gaya wa mutumin kusurwar kudu na riƙe ruwa, ya riƙa buɗe mata hanya. Sai ya bar Abdulmuttalib, ya tambaye ta da kansa da Larabcinsa na sanda, karo na uku. Ta ce, "Sunana na littafinka tun farkon damina, har da laƙabi. Ba sai ka wahala ba."

Ya buɗe littafin a kan sirdi ya yi rubutu, ya daɗe yana yi. Da ya gama ya ce kwana ashirin da biyar, kuma dawarta da gyaɗarta nata ne, ta kwashe. Sannan ya cire hularsa ya riƙe a hannu, a cikin ranar nan, har ta juya ta koma gona. Mu da muka saba mu ke cire takalmi in ya zo. Ya sunkuya ya ɗauki tushen nan da ya nuna, ya sa a jakar sirdi, ya hau ya tafi.

Yalwa ta duƙa ta fara cira. Muka tsaya muna kallonta kamar ba mu san ta ba. Mato ne ya fara shiga, yana share ido da hannun riga, yana cewa shi da ma ya san matar nan ita ce ajalinsa. Ta ce ya bi layi sosai, kada ya bar mata rabi a ƙasa. Sai muka shiga duka, maza da mata, kafin rana ta raba tsaka faddan ɗin nan ya kwanta.

Ta mutum bakwai ɗin ta nuna a kan lokacinta, kowa ya cika buhunansa, kowa ya ajiye iri. Hawashar Yalwa aka ba wani mutumin gabas mai iyali da yawa, ba ruwansa, har yakan aiko mata da dawa. Da aka sa auduga a wurin da gyaɗar ta fita, wasu sun ce ta fi ta ko'ina tsawo, wasu sun ce shekarar ce ta yi kyau. Ni ban auna ba. Sai bayan shekaru aka yarda a sa gyaɗa a gandu, takarda ta zo daga sama, ba a ambaci sunan kowa ba.

Mato ya ajiye aikin samad a ƙarshen shekarar, ya koma nomansa, bai sake fassara wa kowa Turanci ba har ya rasu. Jibril ya ga jikoki, ya yi aikin hajji da tsufansa. Abdulmuttalib ya bar ofis ya zama malamin makaranta a Hasahisa. Mai Lofe ya tafi ƙasarsu tare da 'yan'uwansa, ba mu sake jin labarinsa ba. Yalwa ta yi shekara huɗu a cikinmu tana tsinkar audugar mutane tana yin man gyaɗa, gidaje bakwai ɗin nan kuma ba su taɓa girbi ba su kai mata ba. Da ƙafa ta fara ba ta wahala ta koma wurin Sharifa a Dindir, ta yi shekara goma sha ɗaya a can, ta rasu a wata damina, aka binne ta a maƙabartar bakin kogi.